Riga Ta Takwas

Ƙanwata Lamyai tela ce. In ka shigo layinmu a garin Lampang kana neman gidanta, ba sai ka tambayi kowa ba, ka bi ƙaurin tukunya kawai. Za ta ɗora shinkafa a kan tururi, ta ce bari ta ɗan kalmashe bakin siket ɗaya, shi ke nan sai hayaƙi ya tuna mata. Ni ce babbarta, Kulab, shekara shida na ba ta. Rumfar taliyata tana jingine da katangarta, don haka duk tukunyar da ta ƙone a gidan nan hancina ne yake fara sani, kuma ni nake zagayawa in kashe gas ina masifa.

Tun tana ƙarama haka take. A aike ta sayen ƙwai, ta dawo bayan awa biyu babu ƙwai, sai labarin tururuwan da ta gani suna jan fiffiken kyankyaso. Ta taɓa dawowa daga makaranta da takalmi ƙafa ɗaya, har yau ba ta san inda ɗayan ya tsaya ba. Malamai sun karya rula a tafin hannunta har sun gaji. Mahaifiyarmu ta ce kan yarinyar nan a huje yake, ni kuma na sa mata Kwando, sunan ya bi ta har cikin unguwa. Da bakina na raɗa mata shi, kuma ba na jin daɗin tuna wannan.

Tana shekara goma sha huɗu ta zauna gaban keken ɗinkin wata maƙwabciyarmu, sai abin mamaki ya faru. Yarinyar da ba ta iya zaman minti biyar ta wuni a wurin ba ci ba sha, sai da aka zare zaren daga hannunta. Daga ranar ta sami abin yi. Yau har daga ƙetaren kogi ake kawo mata kayan biki. In ta ce miki ki zo Alhamis, to ki tambaye ta Alhamis ta wane wata. Amma ranar da ta miƙo miki rigar, kika sa, kika ji ta zauna a jikinki, duk zagin da kika tanado sai ya bi ruwa.

Ta auri Sanit, mutum mai sanyin hali, wanda yake aiki a wata masana'anta a Taiwan, sai shekara biyu-biyu yake leƙo gida. Yaransu biyu. Kanun ne babba, shekararsa tara, an haife shi wata Laraba bayan faɗuwar rana ana tsuga ruwan sama. Kalmomin bakinsa kaɗan ne, yawancinsu lambobi da sunayen ranaku. Ba ya son a taɓa shi ba shiri, kuma in ɗinkin riga ya goge masa wuya sai ka ɗauka wuta ce. Ƙanwarsa Manao shekararta bakwai, ita kuma ta kwashe duk maganar da ya bari ta haɗa da tata. Daga buɗe ido har rufe shi bakinta yana aiki, ƙafarta ma haka. Babu katanga, babu bishiya, babu firij da ba ta hau ba a layin nan.

Ni na raka su asibiti ranar da aka duba Manao. An riga an gaya mana na Kanun tun yana ɗan shekara uku, da wani suna mai tsawo. Likitar ta ce na Manao daban ne, kuma duka biyun ba cuta ba ce da za a sha magani ta fita, ƙirar ƙwaƙwalwarsu ce haka. Ta ɗauko takarda tana karanta alamomin: mantuwa, ɓatar da kaya, fara abu goma ba a gama ɗaya ba, lokaci ya wuce ba a sani ba, in abu ya kama rai kuma a nutse a ciki har a manta da cin abinci. Lamyai ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Likita, wannan takardar ta Manao ce ko tawa?"

Likitar ta ajiye biro ta dube ta. Ta ce, "Ki dawo mako mai zuwa, ke kaɗai."

Da muka fito, a wajen ajiye babura Lamyai ta tsuguna ta yi kuka sosai. Tana shekara talatin da huɗu sannan wani ya gaya mata ba lalaci ba ne. Ni kuwa na tsaya riƙe da hular kwano biyu, kunya ta hana ni ko dafa ta.

Abin da ya riƙe gidan nan duk shekarun nan makaranta ce. Ba karatun ba, tsarin. Lamyai ba ta taɓa sanin yau wace rana ce daga kalanda ba, daga jikin yaranta take karantawa. Farar riga Litinin ce, kayan wasanni Talata, kayan sikawut Laraba, rigar saƙi ta gargajiya Juma'a. Kanun yake fito da kayan tun asuba, bai taɓa kuskure ba. Ƙarfe takwas ana taken ƙasa yana tsaye a layi gaban tuta, ita kuma ta dawo gida ta sami shiru na awa bakwai, ita da kekenta. Sai tsakiyar Maris ta zo, a rufe makaranta wata biyu cur, a tsakiyar zafin da kare ma ba ya iya haushi. Sauran iyaye suna ƙorafin hutu, amma na gidan Lamyai ba ƙorafi ba ne, tsoro ne.

Bara, Litinin ta farko ta hutu, Kanun ya sa farar rigarsa ya rataya jaka ya fita. Lamyai tana kan rigar wata amarya, ba ta ji fitarsa ba. Ya tafi makaranta da ƙafa, ya tsaya a bakin ƙofar da aka garƙame yana jiran a buɗe. Awa uku yana tsaye a rana. Wani ɗan acaba da yake cin taliya a wurina ne ya gane shi ya ɗauko shi, wuyansa duk ya sale, leɓensa ya tsage.

Kwana biyu bayan haka sai ga kakarsu, uwar Sanit, daga ƙauye. Kaka Buakam tsohuwa ce 'yar siririya wadda ba ta dariyar banza. Abincin safenta iri ɗaya ne tun da na san ta, in tana magana da kai kafaɗarka take kallo, kuma kullum akwai ɗan mayafi a kafaɗarta mai launin ranar, irin na mutanen da. Kowa ya san Litinin rawaya ce, Talata ruwan hoda, Laraba kore, haka har Lahadi ja, amma wa yake bin wannan yanzu in ba ita ba? A ƙauyensu ana cewa girman kai gare ta, ni ma na taya su faɗa.

Ta duba wuyan yaron, sannan ta zauna. Lamyai ta durƙusa gabanta.

"Ba faɗa na zo yi ba," in ji Kaka. "Bana na yi shiru. Baɗi zan zo da kaina lokacin bikin ruwa, ranar wanke hannun manya. In na tarar da yaron nan ba a iya da shi, zan tafi da shi ƙauye ya zauna a wurina. Can ido goma ne a kansa. Na gaya wa ubansa, bai ce a'a ba."

Na so in yi magana, Lamyai ta riƙe mini gefen zani. Ta san Kanun bai taɓa kwana ko ɗaya babu ita ba, kuma ta san tsohuwar ba ta faɗin abu sau biyu.

Bana, saura mako biyu a rufe makaranta, Lamyai ta faɗo rumfata da safe idonta yana ƙyalli, tef ɗin awo a wuya, silifa kowace ƙafa kalarta daban.

"Yaya, na gano!"

"Makullin ko wayar?"

"Ke dai bari. Makaranta zan buɗe."

"Ke? Ke da aka kora daga aji saboda kallon ƙadangare?"

"Ba korata aka yi ba, fita na yi na manta ban koma ba. Ki saurara mana. Yunifom ne yake riƙe mu, ko ba haka ba? To zan ɗinka mana yunifom na hutu. Kowace rana da launinta, kamar mayafin Kaka. Ni da shi da Manao, bakwai-bakwai."

Na ce mata hauka ne, kuma tana da kayan mutane jibge. Ta ce kayan mutane sun saba jira. Cikin kwana tara ta ɗinka riga ashirin da ɗaya. Ta wanke yadin sau biyar har ya yi laushi kafin ta sa almakashi. Na Kanun kuwa ta juya duk ɗinkin ya koma waje, ta bi shi da siririn kalmasa har ya zama kamar ado, ta yadda cikin rigar sumul yake, babu abin da zai taɓa fata. Tukunya biyu ta ƙone a wannan aikin. Ɗaya ta huje gaba ɗaya, sai ta rataye ta a bishiyar mangwaro ta ce ƙararrawa ce.

Haka aka buɗe makarantar. Kanun ne hedimasta, ba tare da an naɗa shi ba. Da asuba zai jera riga uku a kan tabarma, bakwai da rabi ya buga tukunya, ƙarfe takwas in lasifikar mai unguwa ta saki taken ƙasa za ka gan su su uku a ƙofar gida cikin launi ɗaya. Shi a miƙe kamar sanda, Manao tana tsalle da ƙafa ɗaya, uwarsu ta fito a guje da allura a baki. Masu cin taliyata har juya kujeru suke yi su kalla. Ranar rawaya a je kogi a ba kifi burodi. Ranar ruwan hoda wanki. Alhamis tawa ce, su zo cikin riguna masu launin ruwan lemo Kanun ya jera mini cokula, Manao ta korar mini kwastoma da surutu. Lahadi kuwa Lamyai ta ce darasin kwanciya gaban fanka ne, kuma shi ne darasin da ta fi ƙwarewa a kai.

Kada ka ɗauka komai ya tafi daidai. Akwai ranar da ta manta da abincin rana har ƙarfe uku, sai da Manao ta zo ta gaya mini wai a makarantarsu ana azumi. Akwai ranar da na zagaya na tarar da ita a banɗaki zaune kan bokiti ta toshe kunnuwa.

"Yaya, ina son yaran nan kamar raina. Amma in Manao ta ƙara ce mini 'Mama kalli' sau ɗaya, zan shiga firij in rufe."

Daga waje muka ji, "Mama! Mama kalli!"

Muka dubi juna, dariya ta kama mu har da hawaye. Na ɗauki Manao na tafi da ita rumfa na ba uwar awa ɗaya. Haka muka riƙa lallaɓawa, kuma Kanun bai sake nufar makaranta ba ko sau ɗaya.

Matsala ɗaya ce ta gagare mu, ita ce Laraba. Da safe lafiya lau zai sa koriyar rigarsa, a shayar da shuke-shuke, a wuni kalau. Amma ƙarfe shida na yamma, da lasifika ta sake sakin taken ƙasa ta gama, sai ya fizge rigar ya jefar. Ya tsaya ba riga yana faɗin kalma ɗaya, "Takwas. Takwas." Tun yana faɗa a hankali har ya koma ihu, ya riƙa dukan kansa da tafin hannu, wani lokacin ya ciji hannunsa har jini. Sai an kusa awa ɗaya kafin ya lafa. Sauran ranaku kuwa shida za ta yi ta wuce ko ɗaga kai ba zai yi ba.

Mu duka mun ɗauka ƙarfe takwas yake nufi. Ya ji take, yana son layin safe. Lamyai ta jera su a ƙofar gida da yamma, bai yi ba. Ta juya agogon bango ya nuna takwas, ya ƙara ihu. Ni na kawo masa cokula takwas, ya watsar da su. Laraba ta uku aka ɗauke wuta, lasifika ba ta yi ko tari ba, amma shida tana cika ya fizge rigar. Lamyai ta zauna ta zana duk abin da suke yi ranar Laraba a bayan takardar awo, ta cire wannan ta sauya wancan. Laraba ta huɗu ta zo, abin ya fi na baya muni.

Sai Kaka ta bugo waya ta ce tana tafe ranar sha biyar ga Afrilu, ranar wanke hannun manya, a motar yamma. Bisa al'ada mu ya kamata mu je mata, amma Kanun ba ya iya doguwar mota, kuma zuwanta da kanta ma magana ce. Lamyai ta ajiye wayar ta tambayi Kanun sha biyar wace rana ce. Bai ko ɗago daga murafun kwalba da yake jerawa ba ya ce, "Laraba."

"Ki kawo shi wurina kafin shida," na ce mata. "Ki ce ya yi barci. In ya gama ihunsa a ɗakina sai in dawo da shi."

"Ba zan ɓoye shi ba, Yaya."

"To ki ce mata ta zo Alhamis."

"Kaka? In ce wa Kaka ta sauya rana?"

Ni ma na san wannan ba mai yiwuwa ba ne.

Kwana biyun farko na bikin ruwa, wato sabuwar shekararmu da ake watsa wa juna ruwa ana shafa hoda, Kanun bai leƙa waje ba. Motocin a-kori-kura suna wucewa da ganguna cike da ruwan ƙanƙara, kiɗa kamar zai tsaga ƙasa, ni kuma na zauna a bakin layi da ludayi ina korar duk wanda ya nufo mu da bokiti. Manao kam ta zama kifi. Ranar Laraba Lamyai ta share gida tun asuba, ta ɗaure zare ja a yatsa don kada ta manta da tukunya, ta haɗa ruwan ƙamshi da furanni a kwanon azurfar mahaifiyarmu.

Biyar da rabi Kaka ta iso, koren mayafi a kafaɗa, 'yar jakarta a hannu. A hammatarta kuma akwai babbar jakar leda mai zif, irin ta zuba kaya, a ninke babu komai a ciki. Duk mun gan ta. Ta ajiye ta a gefen kujera.

Muka zaunar da ita, muka durƙusa. Ni na fara zuba mata ruwa a hannu na nemi yafiya, ta shafa a kanta ta sa mini albarka. Lamyai ta yi. Manao ta juye kusan rabin kwanon, ta kuma ba Kaka labarin wani kare da aka shafa wa hoda. Kanun yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki cikin koriyar riga, bai matso ba, amma bai gudu ba. Na ga Kaka tana kallon rigunansu su uku.

Sai lasifika ta yi ƙara. Muka miƙe tsaye. Ban taɓa jin taken ƙasa ya yi mini gajarta irin na ranar ba.

Yana ƙarewa Kanun ya fizge rigar. "Takwas." Lamyai ta riga ta isa kusa da shi. Ba ta taɓa shi ba, ta durƙusa ta sa matashi tsakanin hannunsa da kansa, tana wani ɗan gunji a ƙasan maƙogwaro da yake sa shi lafawa wani lokaci. Yau bai yi ba. "Takwas! Takwas!" Manao ta shige ƙarƙashin keken ɗinki. Ni na tsaya ina kallon jakar ledar nan.

Kaka kuwa ko gezau. Ta buɗe 'yar jakarta, ta sauke koren mayafin daga kafaɗa ta ninke shi gida huɗu ta ajiye, ta zaro wani mai ruwan toka ta yafa. A raina na ce ji tsohuwar nan, yaro yana neman fasa kansa ita kwalliya take yi.

Ihun ya tsaya cak.

Kanun ya sauke hannu. Ya tako a hankali har gaban kakarsa, ya miƙa yatsa ya nuna mayafin. Muryarsa duk ta dushe. Ya ce, "Takwas."

"To da fa?" in ji Kaka. "Shida ta yi, Larabar rana ta wuce." Ta juyo wajen Lamyai. "Riga nawa kika ɗinka masa?"

"Bakwai, Kaka."

"Bakwai? Ke a wace ƙasa aka haife ki? Laraba ai biyu ce."

Na ji kamar an mare ni. Duk gidan ibadar da ka shiga a ƙasar nan za ka ga siffofin Buda a jere, kowa ya ajiye fure gaban na ranar haihuwarsa, kuma takwas ne ba bakwai ba. Laraba ta rana daban, ta bayan faɗuwar rana daban, launinta ruwan toka. Sau dubu na wuce ta gabansu. Amma allon da ake liƙawa a aji launi bakwai ne, shi muka haddace, shi Lamyai ta bi.

"Yana ɗan shekara biyar na kai shi gidan ibada," in ji Kaka. "Ya ƙirga su sau uku. Na nuna masa na ƙarshe, mai giwa da biri, na ce wannan naka ne, ranarka ke nan." Ta cire mayafin ta miƙa masa ba tare da ta taɓa shi ba. Ya karɓa ya lulluɓe kafaɗunsa, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya koma wajen murafun kwalbarsa ya zauna kamar ba abin da ya faru.

Lamyai tana nan durƙushe da matashi a hannu.

"Ranar da na haife shi," ta ce. "Laraba huɗu yana gaya mini babu ranarsa a ciki. Duk ranakun duniya na ɗinka, ita kaɗai na manta." Ta miƙe, ta ɗauki jakar ledar da kanta ta warware ta, ta je ta kwaso rigunan Kanun ta fara zubawa. Hawaye yana ɗiga a kansu. "Ki tafi da shi, Kaka. Minti ɗaya kika yi kika gane abin da na kasa a wata guda. Yaya ta daɗe da faɗa, Kwando ce ni."

A rayuwata ban taɓa jin kalma ta soke ni irin wannan ba, kuma tawa ce ta dawo mini.

Kaka ta miƙa hannu cikin jakar ta zaro rigar Litinin. Ta juya ta ciki, ta juya ta waje. Ta bi ɗinkin kafaɗa da babban yatsa tun daga wuya har hannu, sannan ta zura hannunta ciki ta shafa. Ta daɗe tana shafawa.

"Wa ya ce ki juya ɗinkin waje?"

"Ba kowa. In ya taɓa masa fata ba ya iya tunanin komai sai shi."

Sai tsohuwar ta ja wuyan rigarta gefe ta nuna mana 'yar cikin da take sanye da ita. A baibai take, ɗinkin duk a waje.

"Shekara saba'in ke nan," ta ce. "Uwata ta doke ni a kai. Mijina ya yi mini dariya har ya mutu. Teloli nawa suka auna ni, ba wanda ya taɓa tambayata dalili." Ta fara fito da rigunan daga jakar ɗaya bayan ɗaya, tana ninkewa tana ɗorawa a cinyar Lamyai. "Ni ranar ta takwas kawai na sani, don ni ma launukan nan nake bi. Wannan ɗinkin kuwa ban san ana iya yin sa ba. Kwandon da ya riƙe wannan ba a huje yake ba. Share fuskarki."

Ta ninke jakar ledar gida huɗu, ta ɗaga cinya ta zauna a kanta.

"Yaro yana nan wurin uwarsa. Mayafin nan ki yanka ki yi masa riga kafin Laraba mai zuwa."

"Kaka, saƙar hannunki ce fa."

"Yanka na ce. Kuma ni ba inda za ni sai an koma makaranta, in akwai wuri a layin naku na safe." Ta miƙe tsaye, ta buɗe hannuwa biyu, tana kallon bango. "Tef ɗin yana wuyanki. Auna ni."

Lamyai tana dariya tana kuka ta zagaya tef a ƙirjin tsohuwar. Manao ta fito daga ƙarƙashin keke tana tambaya ko Kaka ma za ta yi darasin kwanciya gaban fanka.

"Guda nawa zan yi miki, Kaka?" in ji Lamyai.

Daga can gefe, cikin mayafinsa mai ruwan toka, ba tare da ya ɗago kai ba, Kanun ya ce, "Takwas."

A lokacin ne hancina ya jiyo ƙauri daga kicin. Zaren ja yana nan ɗaure a yatsarta. Na tashi a hankali na je na kashe gas, na jiƙa tukunyar, na dawo na riƙe mata bakin tef.